Waiwaye: Ƙwarƙwatar tufafi da zazzaɓi mai komowa a Sudan

Masana sun tantance nau'o'in ƙwarƙwata kusan 5,000 a duniya. Galibinsu a jikin tsuntsaye suke, suna cin gashi da ɓawon fata, sauran kuma a jikin dabbobi masu shayarwa. Uku ne kawai ke rayuwa a jikin ɗan Adam: ta kai, ta mara, da ta tufafi. Iyaye sun fi damuwa da ta kai, domin ita ake gani a kitson yarinya, amma wadda ta yi kisa a tarihin Sudan ita ce ta tufafi. A layin ɗinki take zama, wajen wuyan riga da hammata da wurin zariyar wando. Nan take manna ƙwanta, ta fito ta sha jini sau da dama a yini, ta koma.

An daɗe kafin a gano laifinta. A 1868 wani likita a birnin Balin na Jamus, Otto Obermeier, ya ga wata ƙwayar cuta mai siffar murɗaɗɗen zare a jinin masu zazzaɓin da ke tafiya ya dawo, ya wallafa bincikensa a 1873. Yadda take shiga jiki ne ya gagara. A 1907 likita Mackie ya zargi ƙwarƙwata a Indiya, likitoci Sergent da Foley suka tabbatar da zargin a Aljeriya. A Tunis kuma Charles Nicolle ya nuna a 1909 cewa ita ce ke yaɗa zazzaɓin taifus (wanda ba shi ne taifod ba), aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1928.

Abin da ya fi amfani ga mai karatu shi ne binciken da Nicolle da abokan aikinsa suka yi a 1912. Ƙwayar zazzaɓi mai komowa, Borrelia recurrentis, ba ta bin cizo. Idan ƙwarƙwata ta sha jinin majiyyaci, ƙwayar na ratsa hanjinta ta zauna a ruwan jikinta, galibi ba ta shiga jikin mutum sai an fasa ƙwarƙwatar. Wato mutum da farcensa yake sa wa kansa cutar: ya murƙushe ta, ya sosa wurin cizon, ko ya murza ido. Taifus kuwa ta kashin ƙwarƙwatar yake shiga. Sannan ƙwarƙwata ba ta jure zafin jikin mai zazzaɓi, ba ta zama a jikin gawa, sai ta koma kan na kusa. Shi ya sa masu jinya da masu wankan gawa ke saurin kamuwa.

Annobar zazzaɓi mai komowa da ta girgiza Sudan daga yamma ta taso. Ta ɓulla a Gini a 1921, ta ratsa ƙasashen bakin Sahara har da Arewacin Najeriya da Chadi, ta iso Darfur a 1926, inda ta yi mummunar ɓarna a yankin Zalinje. Hanyar da ta biyo ita ce ta fatake da mahajjata masu tafiyar ƙasa, wadda kakannin Hausawan garuruwan Mai Wurno da Gadarif na Sudan suka sani sarai. Kuskure ne a ɗora wa wata ƙabila laifi. Duk inda sanyi ya hana tuɓe kaya, ruwa da sabulu suka yi ƙaranci, mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya, cutar za ta samu gindin zama, kuma tuddan Jabal Marra na Darfur sun cika waɗannan sharuɗɗa.

Daga baya hodar kashe ƙwari ta DDT ta sauya lissafi. Ita ta taimaka wajen kashe annobar taifus a birnin Nafoli na Italiya a hunturun 1943 zuwa 1944, amma zuwa 1951 an ga ƙwarƙwatar da ba ta jin ta a yaƙin Koriya. Zazzaɓi mai komowa bai gushe ba. Ya ci gaba da zama a tsaunukan Habasha, ya sake ɓarkewa a yankin Rumbek, wanda yanzu ke Sudan ta Kudu, a 1998 da 1999, sannan a 2015 asibitocin Turai suka riƙa ganinsa a jikin 'yan gudun hijira daga Somaliya da Eritriya, waɗanda da yawansu suka bi ta Sudan da Libiya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, da yawa suna kwana a makarantu da sansanoni da kaya ɗaya a jiki. Abin tsoron shi ne cutar na kama da maleriya: zazzaɓi mai zafi na kwana biyar ko shida, ciwon kai, wani lokaci shawara da haɓo, sai sauƙi na kamar mako guda, sai ya dawo. Gwajin maleriya na gaggawa ba ya ganin ta. Sai an shafa jini a gilashi lokacin da zazzaɓin ke kan ganiyarsa, an rina shi da Giemsa, an duba a madubin likita. Idan an ɗebi jinin a kwanakin sauƙi, da wuya a ga komai. Ga mai juna biyu haɗarin ɓari babba ne.

Maganin ba shi da tsada, shan doxycycline sau ɗaya ko allurar fenisilin kan wadatar, amma ba na sayowa a kemis a sha a gida ba ne. Cikin awa ɗaya zuwa biyu da shan sa, mutuwar ƙwayoyin kan jawo makyarkyata da hauhawar zazzaɓi, daga baya hawan jini ya faɗi ƙasa. Dole majiyyaci ya kasance a kwance, ma'aikacin lafiya na kusa da ruwan ƙari.

Magani kuma ba ya hana sake kamuwa muddin kayan na nan yadda suke. Wankin ruwan sanyi ba ya kashe ƙwai. A tafasa tufafi da barguna, ko a wanke su da ruwan da ya kai digiri 60, a bi layin ɗinki da dutsen guga mai zafi. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda na mako biyu, domin ƙwan da ya ƙyanƙyashe ya mutu da yunwa. A sansani ana barbaɗa hodar permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ta wuya da hannun riga da ƙugu, kuma a yi wa kowa da ke ɗakin a rana guda.