Gazet da mujallar ARIPO: inda maƙerin Suame zai duba kafin ya ƙera inji

Duk wanda ya taɓa ratsa Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai a Kumasi, ya san irin baiwar da Allah ya zuba a wurin. Masta zai kalli injin niƙa ko na goge rogo, ya kwance shi, bayan sati biyu ya ƙera nasa wanda ya fi na asalin jure wahala. Yaranmu na Aboabo da Asawase da dama a nan suka koyi sana'a. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba sai rigima ta taso: wannan injin da kake kwaikwayo, akwai wanda doka ta ba shi haƙƙinsa a Ghana? Amsar ba a ɓoye take ba. A rubuce take, kuma doka ce ta tilasta a buga ta kowa ya gani.

Takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda a ofis ake kira fatent, ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Dokar Ghana ta 2003 mai lamba 657, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ba shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardarsa, babu mai ƙerawa ko sayar da abin ba da izninsa ba. Shi kuma abin da zai biya, ban da kuɗin ofis, shi ne ya fayyace yadda abin yake aiki dalla-dalla, ta yadda wani mai sana'ar zai karanta ya iya haɗawa. Sanarwar da ofis ke bugawa ita ce kason jama'a a wannan ciniki, wato naka da nawa.

A nan gida, ofishin Babban Magatakarda da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a a Accra shi ke karɓar takardun, yana kuma ajiye rajista. Sanarwar gwamnati tana fitowa a gazet, wato jaridar sanarwar hukuma, wadda kamfanin ɗab'i na gwamnati ke bugawa. Amma wanda ya tsaya nan kaɗai ya ga rabin labari. Ghana tana cikin ARIPO, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin ƙirƙira, mai hedikwata a Harare ta Zimbabuwe, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar Harare ta 1982, mutum zai iya shigar da takarda ɗaya a can ya ambaci Ghana, haƙƙin ya hau kanmu kamar a Accra aka ba shi. ARIPO tana da mujallarta da ke jera abin da aka nema, da wanda aka bayar, da wanda ya faɗi. Maƙwabtanmu Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa kuwa nasu ofishin daban ne, OAPI, a Yawunde ta Kamaru. Mai kai inji Lome ko Wagadugu sai ya leƙa can ma.

Sai ta uku, WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin ƙirƙira da ke Janiba. Ghana ta shiga yarjejeniyarta ta PCT, wadda ke ba mutum damar fara neman fatent a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, a 1997. Takardar da aka shigar ta wannan hanya ana buga ta bayan wata 18, ran Alhamis ta kowane mako, a rumbun intanet mai suna PATENTSCOPE, kuma kyauta ake dubawa ko da a waya. 

Ga inda nake so masu sana'a su buɗe kunne. Fatent ba ya tsallaka iyaka da kansa. Wanda aka ba Bajamushe a Jamus ko Basine a Sin ba ya ɗaure hannun maƙerin Kumasi sai idan mai shi ya nemi kariya a Ghana, kai tsaye ko ta Harare. Wanda ya bi ta PCT yana da wata 30 ya shigo ofishin Ghana, ko 31 idan ta ARIPO zai biyo. Idan wa'adin ya wuce da tazara bai shigo ba, to zanen injinsa da bayaninsa, waɗanda aka riga aka baza wa duniya, halal ne ka ɗauka ka ƙera ka sayar a nan. Haka wanda shekararsa 20 ta cika. Haka wanda mai shi ya daina biyan kuɗin shekara-shekara, bayan an ɗaga masa ƙafa wata 6 bai biya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, masta zai kwana uku yana fama da matsalar da wani ya warware tun 1985, zanen yana nan kyauta, babu wanda ya taɓa nuna masa ƙofar.

Kada Turancin ya ba ka tsoro. Shafin farko na kowace takarda yana da lambobi iri ɗaya a duk duniya, ko da Sinanci aka rubuta shi: 54 sunan abin, 71 mai nema, 72 wanda ya ƙirƙira, 22 ranar shigarwa, 57 taƙaitaccen bayani. Lamba 22 za ka fara dubawa, don daga ita ake ƙirga shekarun. Sannan ka lura, harafin A a gefen lambar takarda galibi yana nufin nema ne kawai aka yi, B kuma an bayar. Mutane da yawa suna ganin A su ɗauka magana ta ƙare, alhali mai yiwuwa an ƙi ba shi.

Sanarwar ba ta tsaya ga sunayen masu nema ba. A nan ofisoshi ke faɗin sabon kuɗin da za a biya, da canjin fom, da ranakun da za a rufe ofis. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutum, domin "ban ji ba" ba ya dawo da wa'adin da ya wuce. Idan kuma ka ga an ba wani haƙƙin abin da ka san an daɗe ana ƙera shi a Suame, doka ta ba duk wanda abin ya shafa damar zuwa kotu ya nemi a soke, muddin yana da shaidar cewa abin ba sabo ba ne. Tsofaffin hotuna da rasit masu kwanan wata suna da amfani a nan.

Wanda kuma shi ne ya ƙirƙiri sabon abu, ya bincika waɗannan wurare uku kafin ya kashe ko sidi ɗaya, kuma ya shigar da takardarsa kafin ya ɗora bidiyon injin a Facebook. Idan mutum biyu suka ƙirƙiri abu ɗaya kowa da kansa, wanda ya riga kai takarda ofis shi doka ke ba wa.