Vitamix ko Blendtec: Wace Bilenda Ce Za Ta Iya da Ƙullun Ƙosai?

Duk uwargidan da ta ƙona bilenda biyu ko uku wajen markaɗa wake ta san ranar da rai ke cewa gara a sayi mai tsada sau ɗaya a huta. In an kai nan, sunaye biyu ake yawan ji daga bakin masu 'yan'uwa a waje da masu sana'ar lemon 'ya'yan itace: Vitamix da Blendtec. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Su waye ke ƙera su, kuma me ya sa ake haɗa su kullum?

Duka biyun 'yan Amurka ne. Vitamix ce babba a shekaru. William Barnard ya kafa kamfanin a 1921, kuma har yau hedikwatarsa na kusa da Cleveland a jihar Ohio. Blendtec kuwa Tom Dickson ne ya kafa ta, tana garin Orem na jihar Utah. Duniya ta san ta ne daga 2006, lokacin da Dickson ya riƙa fitowa a YouTube sanye da farar riga yana jefa waya da ƙwallon golf a cikin bilenda, su fito gari. Kishiyoyi ne na gaske, har kotu sun je kan fasalin kofin bilenda, aka yanke wa Vitamix ta biya Blendtec kusan dala miliyan 24. Kuɗinsu ya yi kusa da juna, na gida sukan kama daga wajen dala 300 zuwa sama da 600, shi ya sa mai saye ke rasa wadda zai ɗauka.

Wacce ta fi ƙarfi?

Wannan tambayar ba ta raba gardama. Blendtec Total Classic tana da wat 1,560, Vitamix 5200 tana ɗan ƙasa da haka, amma a bakin aiki ba za ki ga bambanci ba. Kowacce za ta mayar da tattasai da attaruhu da albasa sumul, ba ƙwaya ba ɓawo. Kowacce in ta daɗe tana markaɗe da gudu sosai, kayan ciki za su ɗau zafi har su yi tururi, saboda gogayyar wuƙa da ruwa kawai.

Tunda an taɓo wat, bari in yi ɗan ratse. Kasuwanninmu cike suke da bilendoji masu rubutun 4500W ko 8000W a jikin kwali. Fulogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi fis ɗinsa amfiya 13 ne. A ninka 13 da bolt 230 na wutarmu, abin da zai ba ka bai kai wat 3,000 ba. Ke nan na'urar da ta ja wat 8,000 da gaske fis za ta ƙona kafin ta taɓa tumatir ɗaya. Ado ne kawai na kwali.

To ina bambancin yake?

A kofi da wuƙa, da kuma yadda ake sarrafa su.

Kofin Vitamix 5200 dogo ne mai tsukakken gindi, yana cin kusan lita biyu, wuƙarsa mai baki huɗu. Yana zuwa da wata sandar roba kamar ƙaramar taɓarya, ana zura ta ta ramin murfi a riƙa danna kaya ƙasa alhali injin na gudu. An auna tsawonta yadda ba za ta taɓa wuƙa ba muddin murfin na kai. Sarrafa ta kuma da hannu ne: maɓallin kunnawa, da na babban gudu, da abin murɗawa daga 1 zuwa 10.

Blendtec ta bi wata hanya. Kofinta gajere ne mai faɗi, mai kusurwa huɗu, akwai kuma wanda suke kira WildSide mai ƙarin gefe na biyar. Wuƙarta baki biyu ce, mai kauri, kuma dakusasshiya da gangan. Ba yanka take yi ba, duka take yi, kamar dai sussuka. Amfanin haka shi ne ba ta yanke hannu wajen wanki. Tana da maɓallan da aka riga aka tsara, ki danna na lemo ko na miya, ita za ta ƙara gudu ta rage, ta tsaya da kanta. Kuma da yake gajera ce, tana shiga ƙarƙashin kabad ɗin kicin, abin da doguwar Vitamix mai fiye da rabin mita ba ta cika yi ba.

Ni ƙosai da alala nake yi. Wacce zan ɗauka?

Nan ne maganar take. Ƙullun ƙosai ba ya son ruwa. In ya yi ruwa zai baje a mai, ya sha mai, ya ƙi tashi. Bilenda kuwa ruwa take so. In kaya sun yi kauri, iska kan taru a kewayen wuƙa, sai ki ji ƙarar injin ta canza, wuƙa na juyawa a banza, wake na zaune a sama ko motsi ba ya yi. Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne ƙara ruwa, daga nan kuma ƙosai ya lalace.

Sandar Vitamix maganin wannan matsala ce kai tsaye. Kina dannawa kina fasa iskar, ƙullu na juyawa da ɗan ruwan da kika sa tun farko. Haka in gyaɗa za ki niƙa ta zama tunkuza ko ta miyar taushe. Da Blendtec sai kin tsaya, kin buɗe, kin kankare gefe da cokali, kin sake kunnawa. Kamfanin ya san da haka, ya fitar da wani ƙaramin kofi mai suna Twister wanda murfinsa ke da yatsu biyu masu kankare gefe in ana murɗa shi. Yana aiki, sai dai kuɗinsa daban ne, kuma ɗan kaɗan yake ci, bai isa ƙullun gidan yawa ba.

Saboda haka in aikinki mai kauri ne, Vitamix zan ce. Sai dai a kula da abu biyu. Kada a bar ƙullu ya daɗe yana juyawa har ya ɗau zafi, gara a sa ruwan sanyi a yi shi kashi-kashi. Sannan kada tausayin injin ya sa ki bar ta a ƙaramin gudu. Fankar da ke sanyaya injin tare suke juyawa da shi, don haka aiki mai nauyi a gudu kaɗan shi ya fi saurin sa ta zafi ta kashe kanta.

Kunun aya da madarar waken suya fa?

Nan kam duk ɗaya ne. Aya jiƙaƙƙiya da dabino da kwakwa ruwa ne ke ɗauke da su, kuma ko yaya aka markaɗa sai an tace. Mai sayar da kunun aya ko lemon kankana da ke yin abu ɗaya sau ashirin a yini za ta fi jin daɗin Blendtec: ta danna, ta juya ta ci gaba da ɗura robobi, kuma ko yarinyar shago aka bar wa, na yau zai fito kamar na jiya. A cire ƙwallon dabino dai.

Zan iya niƙa gero ko yaji a ciki?

Za su niƙa, amma kofunan na roba ne, busasshen hatsi da citta da kanumfari suna karce su har su yi hazo, ƙamshin yaji kuma ya kama jiki ya ƙi fita. Vitamix na sayar da kofi na musamman don busassun kaya. Ko da shi, aikin gwangwani ɗaya ko biyu ne. Mudu biyar na dawa har yanzu na mai injin niƙa ne a bakin layi.

Yayana zai taho min da ita daga Amurka. Akwai matsala?

Akwai, kuma ta fi zaɓin suna muhimmanci. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 240. Bilendar da aka yi wa kasuwar Amurka in aka soka ta a soket ɗinmu kai tsaye, ta tafi ke nan. Sai an haɗa ta da taransfoma mai rage wuta, kuma ba ƙaramin nan na caji ba, babba mai wat 2,000 zuwa 3,000, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Mafi sauƙi a sayo wadda aka yi wa Ingila ko Turai ko Dubai, domin kamfanonin biyu duk suna yin masu 220 zuwa 240. A ce wa Yaya ya kifa ta ya karanta takardar da ke manne a gindinta kafin ya biya.

Sai kuma wutar gida. Ƙaramin janareton shago mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauki ko ɗaya a cikinsu ba. Mai sola ma ta duba ƙarfin inbatarta, don injin kan fizgi wuta fiye da ƙima a daidai lokacin tashi. Ƙara kuwa, duka biyun sai maƙwabta sun san kina markaɗe, musamman da sahur.

Garantin da ake ta yabo fa?

Vitamix 5200 na da garantin shekara 7, ƙaramarta E310 shekara 5. Abin sha'awa ne ga wanda ke zaune a ƙasar da aka sayar da ita. Ga mai zama a Kano ko Maraɗi, aika bilenda Ohio gyara ba ƙaramin kuɗi zai ci ba. Abin da zai amfane ki shi ne sanin ko za ki samu kofi da wuƙa in sun lalace, domin su ke fara mutuwa, ba injin ba.

In na samu ta hannu a kasuwa, me zan duba?

Fara da takardar gindi, ki ga 120 ce ko 230. Sannan ki juya wuƙar da yatsa daga ƙasan kofi: ta juya sumul, ba gurnani, ba girgiɗi. In kin ga baƙin maiƙo ko tsatsa a wajen, ruwa ya riga ya shiga. Ki sa mai shago ya zuba ruwa rabin kofi ya kunna a gabanki, daga ƙaramin gudu har na ƙarshe, ki saurara ko ƙarar na hawa daidai ba yankewa, ki kuma sunsuna ko akwai warin ƙonewar waya. Bayan ya kashe, ɗaga kofin ki shafa ƙasansa. In hannunki ya jiƙe, kuɗin sabon kofi za ki cire daga farashin.