Tishu mai ruwa marar roba: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini kan sayen yadinsa

Na daɗe ina sayo wa ƙananan masana'antu yadin da ake yin tishu mai ruwa da shi, irin wanda ake goge wa jarirai da wanda ake share hannu da fuska. Tunda ƙasashen Turai suka matsa wa roba lamba, tambayoyi iri ɗaya ake juya mini, yau Alhaji, gobe Hajiya, jibi yaron shago. Bakina ya gaji. Ga amsoshin nan, don Allah a karanta kafin a bugo waya.

Wai da gaske akwai roba a cikin tishu?

Akwai. Zaro ɗaya ka ja da hannu biyu. Takarda in ta jiƙe yagewa take yi, wannan kuwa miƙewa yake. Yawancin na kasuwa gaurayen zare biyu ne, foliyesta da biskos, wato zaren da ake yi da narkakken itace. Foliyesta kuma ita ce robar da ake yin gorar ruwan sha da ita, ba wata daban ba.

Me ake nufi da yadi marar saƙa?

Yadin da bai ga masaƙa ba. A irin wanda aka fi yin tishu da shi, ana shimfiɗa silin zare kamar shiɓaɓɓiyar auduga, sai a feshe shi da ruwa siriri kamar allura mai tsananin ƙarfi har zaruruwan su sarƙe da juna. A takardun masu sayarwa za ka ga an rubuta spunlace. Shi ke nan.

Mai sayarwa ya ce zarensa na masara ne, yana ruɓewa. Ya wuce?

Bai wuce ba. Sunansa PLA, kuma a idon dokar Tarayyar Turai da ta Birtaniya roba ne, ko da daga gonar masara ya fito. Ruɓewar da ake faɗa sai a wurin sarrafa taki mai zafi sosai take yiwuwa, ba a kwata ko a kogi ba. Na faɗa sau ba adadi, amma har yanzu ana turo mini hoton ganye kore a jikin kwali ana cewa in duba. Hoton ganye ba shaida ba ne.

Wace doka ce ma ake ta magana a kanta?

Biyu ne, kada a cakuɗa su. Tarayyar Turai ta yi dokar robar da ake amfani da ita sau ɗaya a 2019. Ba ta hana tishu mai roba ba, amma daga 3 ga Yuli 2021 dole a buga masa tambari a jikin ƙunshi, mai hoton kunkuru a cikin ruwa, da rubutun cewa akwai roba a ciki. Ta kuma ɗora wa masu yin sa kuɗin tsaftace sharar da yake jawowa. Birtaniya ce ta wuce nan: a Afrilun 2024 ta sanar za ta hana sayar da shi ga jama'a. Yankin Wales zai fara a Disamban 2026, Ingila a 2027. An bar ƙofa ga na asibiti da na masana'antu. Manyan kantuna irin su Tesco da Boots ma ba su jira doka ba, tun 2022 suka fara sauke shi daga kantocinsu.

Ba haka kawai suka tashi ba. A 2017 an tono wani dunƙulen kitse da tishu a magudanar ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Whitechapel a Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. A shekarar ne kuma ƙungiyar kamfanonin ruwa ta ƙasar, Water UK, ta bincika abin da ke toshe bututu ta tarar kashi 93 cikin ɗari tishu ne.

Na itacen gora fa? An ce shi ne na asali.

Biskos ne da aka yi da gora maimakon wani itace. Ba roba ba ne, wannan gaskiya ne, amma ta cikin sinadarai iri ɗaya ya bi, kuma babu wata baiwar gora da ta rage a jikinsa. A Amurka, a 2022, an ci tarar manyan kantuna biyu, Walmart dala miliyan 3 da Kohl's dala miliyan 2.5 saboda sayar da kayan biskos da sunan gora. Saya in farashinsa ya yi maka, amma kada ka biya ƙari don sunan.

To wane yadi zan saya a madadin mai foliyesta, kuma ta yaya zan tabbatar ba a yi mini sakiyar da ba ruwa ba?

Yauwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ni da amsa guda ɗaya da za ta yi wa kowa. Ya danganta da injinka, da ruwan da kake zubawa, da inda kayan za su je.

Zaɓin da ke gabanka huɗu ne: biskos, layosel (ɗan'uwan biskos ne, shi ma zaren itace, amma hanyar narka shi daban), auduga, da ƙullun itace irin na takarda. Dukkansu daga tsiro suke, kuma bayanin da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2021 ya fayyace cewa biskos da layosel ba sa cikin roba. Amma halinsu ba ɗaya ba ne. Biskos yana da laushi, yana shan ruwa sosai, sai dai in ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma tishu ai a jiƙe yake rayuwarsa duka. Aikin da foliyesta ke yi ke nan a gaurayen da kuka saba da shi, ita ce ƙashin bayan yadin. Layosel yana riƙe mafi yawan ƙarfinsa a cikin ruwa, shi ya sa yake da tsada. Ƙullun itace shi ne mai araha, kuma yanzu akwai injina na kamfanonin Andritz da na Trützschler da Voith da ke shimfiɗa shi a kan biskos ko layosel su haɗe su da ruwa ba tare da gam ba. Irin wannan yadin yakan fi sauƙin kuɗi, amma wani yana zubar da ɓurɓushi, wani yana da ɗan kaushi. Ga tishun goge teburi ba laifi. Ga fatar jariri ɗan sati biyu, ni sai na taɓa da hannuna na shafa a wuyana kafin in ce komai.

In ka tambaye ni abin da nake farawa da shi ga na jarirai, gaurayen biskos da layosel ne, a nauyin da aka saba, giram 40 zuwa 50 a kowace murabba'in mita, kuma nakan karkata wajen mai nauyin. Amma na ce farawa. Na ga inda biskos zalla ya yi kyau saboda an shimfiɗa zaren a giciye, na kuma ga inda mai layosel ya ba da kunya saboda ƙarfinsa duk a tsawo yake, in ka ja ta faɗi sai ya buɗe kamar raga. Don haka ka nemi a rubuta maka ƙarfin yadin a jiƙe, ta tsawo da ta faɗi. Mai sayarwar da ya ba ka na busasshe kawai, ka sake tambaya.

Sai abin da kowa ke mantawa, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutane: in ka canja yadi, ruwan ma sai an sake shi. Roba ba ta ruɓewa, zaren itace kuwa abincin fumfuna ne. Sannan wasu magungunan hana lalacewa, musamman dangin benzalkoniyam, manne wa zaren itace suke yi, sai ƙarfinsu a cikin ruwan ya ragu. Ya taɓa faruwa da wani da nake sayo wa kaya. Ya canja yadi, ya bar ruwansa yadda yake, ya jibge katan a sito mai rufin kwano lokacin bazara. Bayan wata uku muka buɗe ƙunshi ɗaya tare, sai ga ɗigo-ɗigo baƙi a gefen naɗin, da wari irin na tsumman da aka manta a bokiti. Kayan jarirai ne, babu batun rage farashi a sayar. Duka aka zubar. Tun daga ranar ba na yarda a yi babban oda sai an jiƙa samfur da ainihin ruwan da za a yi amfani da shi, an rufe, an ajiye a wuri mai zafi na wasu makonni, an kuma kai ɗakin gwaji an zuba masa ƙwayoyin cuta da gangan an ga ko maganin zai kashe su. Sabon yadin zai kuma sha ruwa fiye da tsohon, ka sa wannan a lissafinka.

Injinka ma zai yi magana. Yadin zai iya miƙewa ya tsuke in an ja shi da ƙarfin da aka saba, ninki ya karkace. Ka nemi bandir ɗaya ko biyu ka gwada a kan injin da gudunsa na kullum, ba ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu da ake turowa a ambulan ba.

Batun tabbatarwa kuwa, mataki na farko ashana ce. Busar da yadin, kama da awartaki, kunna masa wuta a waje. Na itace ko auduga zai ci kamar takarda, ya yi warin takarda, ya bar toka mai laushi. Mai foliyesta zai ƙanƙance, ya narke, ya bar ɗan ƙullutu baƙi mai tauri. Da wannan na taɓa kama wani kaya da samfurinsa ya yi kyau amma na cikin kwantena ya bar ƙullutu. Sai dai ashana ba ta kama kaɗan. In robar 'yar ƙanƙanuwa ce, ko gam ne na roba aka fesa don ya riƙe zaren, kamar yadda ake yi wa wasu yadikan da ake shimfiɗawa da iska, ba lallai ka gani ba, alhali doka ba ta ce roba kaɗan ba laifi ba. Don haka sai takarda: rubutacciyar sanarwa daga masana'antar cewa babu roba a zare kuma babu a gam, da sakamakon ɗakin gwaji mai zaman kansa irin SGS ko Intertek, a kan samfurin da kai ko wakilinka ya yanko daga kayan da za a loda. Ka tambaya ko layin da zai yi maka aiki yana yin mai foliyesta, da yadda suke wanke shi tsakanin aiki da aiki. Ka tambayi sunan wanda ya yi zaren, Lenzing na Ostiriya ne, ko Birla na Indiya, ko Sateri na Sin. Masana'antar kirki ba ta ɓoye wannan, ko a Gaziyantef ta Turkiyya take ko a Sin ko a Finlan.

Kada wannan duka ya karya maka gwiwa. Wahalar ta karon farko ce. In ka dace da yadi da ruwan da suka yi jituwa, sauran maimaici ne.

Tunda ba roba, za a iya jefawa a masai a kora da ruwa?

A'a. A'a. Rashin roba daban, wargajewa a ruwa daban. Tishun biskos mai ƙarfi zai toshe bututu kamar ɗan'uwansa. Water UK ta fito da tambarin amincewa da a kora a 2019, ta janye shi a 2024 saboda mutane sun ɗauka kowane tishu ake nufi. Rubuta a jikin kayanka a jefa a shara, da manyan baƙaƙe.

Ba ga audugarmu ta Funtuwa da Gusau ba?

Raina yana son wannan tambayar, don auduga ita ce zaren da ke ƙara ƙarfi in ya jiƙe. Amma audugar gurza ba ta shiga injin nan haka. Sai an cire ɓawon iri da datti, an dafa ta an cire maiƙonta, an faranta ta, sannan ta sha ruwa. Ɗanyar auduga in ka jefa a ruwa yawo take yi a sama. Kuma leda ɗaya ta buhun da aka ɗebo ta a gona, in ta yage ta shiga ciki, ta ɓata sunan marar roba gaba ɗaya. Mai son ya shiga nan ya fara daga buhun tsinka, ya koma na yadi.

Shin marar roba yana nufin ba ya cutar da muhalli?

Bai kai nan ba. Ana narka itacen biskos da wani sinadari mai suna kabon daisalfaid, wanda ke lalata jijiyoyin ma'aikata in masana'anta ba ta killace shi ba. Layosel ya fi tsafta, don ana maido da fiye da kashi 99 na ruwan narkawarsa a sake amfani da shi. Itacen ma a san dajin da ya fito. Nemi lambar shaidar kula da daji ta FSC ko PEFC, ka duba ta da kanka a intanet, minti biyar ne. Masu saye a Turai za su tambaye ka, gara ka riga su.

Ni a nan gida nake sayarwa, ba na kai kaya Turai. Ina ruwana?

Yau babu mai tsare ka. Amma ka lura da abu biyu, ɗan'uwa. Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024, ta faɗaɗa zuwa wasu robobin a Yulin 2025, wato iskar ta fara kaɗowa. Na biyu, yadin da Ingila ta ƙi ba ƙona shi za a yi ba, kasuwa za a nema masa, kuma za a zo maka da shi da araha mai daɗi. In ka saya, ka sayar da shi a matsayin abin da yake. Kada ka buga marar roba a kan ƙunshi alhali ka san akwai, uwa tana saye don ta yarda da kai.

Ledar ƙunshin fa?

Roba ce, da murfinta. Dokar Birtaniya kan tishun take magana, ba ƙunshin ba, kuma abin da zai riƙe danshi wata da watanni ba tare da leda ba yana da wuyar samu. Ka rubuta cewa yadin ne ba shi da roba, kada ka ce kayan duka.