Gushewar Jin Ƙamshi da Taruwar Furotin a Ƙwaƙwalwa

Gushewar jin ƙamshi na cikin alamomin farko na cututtukan da ke cinye ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa sannu a hankali, musamman cutar Parkinson, wadda a asibitocin Saudiyya ake kira shalal ru'ash, da cutar mantuwa ta Alzheimer, wadda bakin jama'a ya mayar zahaimar. Kusan tara cikin goma na masu Parkinson hancinsu ya raunana, sau da yawa shekaru kafin hannu ya soma karkarwa. Tun 1975 likitoci biyu a Amurka, Ansari da Johnson, suka bayyana raunin hancin masu Parkinson a rubuce, amma sai daga baya aka gano abin da ya haɗa hanci da cutar: wani furotin ne da ke naɗewa ba daidai ba, ya dunƙule, kuma wurin da ke karɓar saƙon hanci yana cikin inda yake fara taruwa.

Yadda ƙamshi ke isa ƙwaƙwalwa

Can saman kogon hanci akwai wata 'yar shimfiɗa mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin jijiya. Kowace ƙwaya tana da makarɓi, wato abin da ke kama ƙamshi, iri guda, ɗan Adam kuma yana da wajen iri 400 masu aiki. Gano waɗannan makarɓai a 1991 ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami kyautar Nobel a 2004. Zaren ƙwayoyin yana ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji kamar rariya, ya faɗa cikin ƙullin ƙamshi, wasu 'yan dunƙule biyu da ke kwance ƙarƙashin goshin ƙwaƙwalwa. Daga nan saƙo ke wucewa kai tsaye zuwa sassan da ke riƙe tunani da motsin rai. Shi ya sa ƙamshin hel a cikin gahawa kan tuno wa mutum ɗakin kakarsa tun kafin ya kai finjali baki.

Waɗannan ƙwayoyi suna fuskantar iskar waje ba shamaki: ƙura, hayaƙi, ƙwayoyin cuta, maganin ƙwari, duk a kansu suke sauka. Suna mutuwa, wasu na maye gurbinsu tsawon rayuwa.

Furotin da ke dunƙulewa

A cutar Parkinson sunan furotin ɗin alfa-sinuklin. Ƙarami ne, tubalansa 140, kuma aikinsa na yau da kullum yana bakin jijiya, inda ƙwaya ke miƙa wa 'yar uwarta saƙo. Idan ya naɗe a karkace sai ya manne wa ɗan uwansa, shi ma ya karkata shi, su zama zare-zare, su cure cikin ƙwayar. Friedrich Lewy ya ga curin a madubin likita tun 1912, aka sa musu sunansa. Maria Grazia Spillantini da abokan aikinta a Kambirij ne suka nuna a 1997 cewa alfa-sinuklin ne ya cika su.

A 2003 Heiko Braak, masanin tsarin ƙwaƙwalwa a Jamus, ya duba ƙwaƙwalen mamata ya jera yaɗuwar curin a matakai shida. A matakin farko wuri biyu kawai ake ganinsu: ƙullin ƙamshi da tushen jijiyar da ke sauka zuwa ciki da hanji. Sai a mataki na uku suke kaiwa ga wani baƙin yanki na tsakiyar ƙwaƙwalwa mai samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki, kuma kafin karkarwa da taurin gaɓoɓi su fito fili, wajen rabin ƙwayoyin yankin sun riga sun mutu. Wannan jeri ya fassara abin da likitoci suka daɗe suna ji daga bakin iyalai: tsoho ya daina jin ƙamshi, bayan gida ya yi masa tauri, yana ihu da naushi cikin mafarki, sannan bayan shekaru hannu ya kama rawa. An ɗura zaren furotin ɗin a ƙullin ƙamshin ɓeraye, aka ga ya bi jijiyoyi ya watsu cikin watanni. Sai dai ba kowane majiyyaci ne cutarsa ke bin jerin Braak ba, kuma masana na jayayya kan ko ta hanci cutar ke shigowa, ko kuwa wurin ne kawai ya fi saurin gazawa.

A Alzheimer furotin biyu ne: amiloid, mai taruwa tsakanin ƙwayoyi, da tawu, mai sarƙewa a cikinsu. Tawu yana fara ɓarna kusa da mashigar rumbun tunani, daidai inda saƙon ƙamshi ke sauka. Don haka mai wannan cuta kan ji cewa wani abu na tashi, amma sunansa ya ɓace masa.

Gwajin hanci

Tambayar mutum ko yana jin ƙamshi ba ta wadatarwa. Wani bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka da aka buga a 2002 ya sami rauni a hancin kusan kashi 25 cikin ɗari na masu shekara 53 zuwa 97, alhali waɗanda suka san da matsalar ba su kai kashi 10 ba. A gida abin kan fito ta wata fuskar. Hajiya ta ce miya salam take, ta ƙara gishiri da dunƙule, alhali harshenta lafiya lau, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro. Ko kuma Baba ya yi ta zuba bukhur a kasko har ɗaki ya turnuƙe, yana cewa udun bana ba shi da kyau.

Gwaji biyu suka fi shahara. Na Jami'ar Fensilbeniya, wanda Richard Doty ya fitar a 1984, kati ne mai ƙamshi 40: a kankare, a sansana, a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu. Na Jamus, wanda Thomas Hummel da Gerd Kobal suka tsara, alƙaluma ne masu ƙamshi a maimakon tawada. Ana riƙe alƙalami kamar santimita biyu daga hanci na daƙiƙa uku, a auna abu uku: mafi ƙarancin ƙamshin da mutum ke iya kamawa, bambance wannan da wancan, da faɗin suna. Kowanne maki 16, jimla 48. Wanda bai wuce 16 ba, a aikace ba ya jin komai.

Inda ake yawan kuskure shi ne zaɓin ƙamshin. Katin Amurka yana da cukuin Ceda da itacen fayin, dattijon da ya taso a Kano ya tsufa a Makka kuwa bai taɓa sanin su ba, sai ya faɗi gwajin da lafiyayyen hanci. Kanumfari, kirfa, tafarnuwa, lemun tsami, gahawa da kifi sun fi yi masa adalci, a kuma karanta masa amsoshin da harshen da ya fi ji. Kuskure na biyu gwadawa da man zafi, na'ana'a mai ƙarfi ko hayaƙin barkono. Yaji da sanyin waɗannan wata jijiyar fuska ce daban ke ɗaukarsu, har wanda hancinsa ya mutu murus zai ce ya ji. Ba a gwaji lokacin mura, ko dab da cin abinci ko shan taba, ko a ɗakin da aka turara.

Abin da sakamako ke nufi

Yawancin masu raunin hanci ba su da Parkinson, ba kuma za su yi ta ba. Tsufa kaɗai na jawo shi, haka kumburin kogon hanci da ƙura da na'urar sanyi ke tayarwa a Jidda da Makka, da tsiro a hanci, da buguwar kai a haɗarin mota, da korona, wadda ta fi taɓa ƙwayoyin da ke tallafar jijiyar. Shi ya sa ake fara zuwa wurin likitan hanci, kunne da maƙogwaro ya leƙa ciki da madubi, kafin a nufi likitan mukh wa a'asab, wato na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Amfanin gwajin yana fitowa ne idan an haɗa shi da wasu alamu. A binciken tsofaffin maza 'yan asalin Japan a Honolulu, da aka buga a 2008, waɗanda suka fi rauni a gane ƙamshi sun fi masu kaifin hanci kamuwa da Parkinson kusan ninki biyar cikin shekara huɗu. Yana kuma taimaka wa likita rarrabewa: mai karkarwar hannu ta gado hancinsa yawanci ƙalau yake, mai Parkinson kuwa akasin haka. Maganin lebodofa da ake ba masu Parkinson yana sassauta gaɓoɓi amma ba ya maido da ƙamshi.

Sabon abin da ya shigo shi ne gwajin iri, inda karkataccen furotin ke zama kamar irin shuka. Ana ɗiban ruwan laka ta gadon baya, a zuba shi cikin lafiyayyen alfa-sinuklin, a yi ta girgizawa. In akwai karkataccen furotin ko ƙanƙani ne, zai karkata sauran, wani rini ya haska. A binciken da aka buga a 2023 kan mutum sama da 1,100, gwajin ya kama kusan kashi 88 na masu Parkinson, a cikin masu Parkinson ɗin da hancinsu ya raunana kuwa kusan kashi 99. A Italiya da Ostiriya an gwada sharo samfurin daga saman hanci da ɗan burushi, abin da ya fi huda baya sauƙi, amma yana kuskure masu cutar da yawa.

Horon hanci, wato sansanar wardi, kanumfari, lemun tsami da man turare na yukaliftus safe da yamma na aƙalla mako 12, ya fi amfanar wanda mura ko korona ta taɓa, kuma ba ya tsayar da taruwar furotin. Gidan da ke da tsoho mai wannan larura yana buƙatar na'urar gano hayaƙi da ta yoyon gas kusa da tukunyar gas, domin warin da ake sa wa gas don gargaɗi ba zai ji shi ba. A rubuta kwanan wata a kan abincin firji, wani kuma ya riƙa ɗanɗana gishiri da sukari a madadinsa, musamman in yana da hawan jini ko ciwon suga.