Haƙoran manyan dainoso masu cin nama

Daga cikin burbushin da manyan dainoso masu cin nama, wato wasu dabbobi da suka ƙare tun shekaru miliyoyi da suka wuce, suka bari a doron ƙasa, haƙora ne aka fi samu da yawa. Dalili kuwa shi ne farin ɓawon haƙori ya fi kowane ƙashi tauri, sannan waɗannan dabbobi sun riƙa zubar da haƙora a tsawon rayuwarsu, wani na tsirowa a gurbin wanda ya faɗi. Shi ya sa galibin haƙoran da ake tonowa ba su da saiwa, domin sun fita ne tun dabbar tana raye. Wanda aka samu da saiwarsa kuwa, yawanci ya zame ne daga muƙamuƙi bayan mutuwarta.

Siffar haƙori tana nuna irin abincin mai shi. Na Carcharodontosaurus, wani babban dainoso da ya rayu a Arewacin Afirka, yana da faɗi da kaifi, gefensa kuma yana da ƙananan tsaga irin na zarto, waɗanda suka dace da yankan tsoka. Da haƙora kaɗai masana biyu na Faransa, Depéret da Savornin, suka fara bayyana wannan dabba daga Aljeriya a 1925, kafin Bajamushe Ernst Stromer ya raɗa mata sunan da take da shi a 1931 bisa ƙasusuwan da aka samo a Masar. Waɗannan ƙasusuwa sun salwanta a 1944 lokacin da aka yi wa birnin Munich na Jamus, inda aka ajiye su, ruwan bama-bamai, sai a 1995 masanin Amurka Paul Sereno ya gano wani ƙoƙon kan wannan dabba a yankin Kem Kem na Maroko. A 2007 kuma aka bayyana wani nau'inta daga Nijar, wato Carcharodontosaurus iguidensis.

Dangin Spinosaurus sun sha bamban, domin haƙoransu zagayayyu ne masu tsini kamar na kada, an fi amfani da su wajen cafke kifi mai santsi. Suchomimus, wanda aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere a 1997, yana cikin wannan dangi. Shi kuwa Tyrannosaurus na Arewacin Amurka, wanda ya rayu shekaru miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce, haƙoransa masu kauri ne da ke iya farfasa ƙashi, mafi tsawonsu ya kai kusan santimita 30 idan aka haɗa da saiwa.

Sai dai haƙori guda ba ya cika isa a tabbatar da nau'in dabba, saboda na dangi daban-daban sukan yi kama, kuma siffarsa tana canzawa daga gaban baki zuwa bayansa. Masana kan auna tsawonsa da kaurinsa, su ƙirga tsagar gefensa, sannan su kwatanta da waɗanda aka samu a cikin muƙamuƙi. Cinikin haƙoran Kem Kem da ake yi wa masu yawon buɗe ido yana ƙara dagula aikin, domin haƙorin da aka ciro ba tare da rubuta wurin da ya fito ba, yana da wuya a san shekarunsa.