Shin duk wahala hukuncin zunubi ce?

A cikin Kiristocin Damagaram, an daɗe ana cewa wanda ciwo ko fatara ta daɗe masa, akwai zunubin da yake ɓoyewa. Masu faɗa ba da mugun nufi suke yi ba, almajiran Yesu ma sun taɓa zaton haka.

A Yohanna 9, sun tambaye shi ko laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na kowa ba ne, domin aikin Allah ya bayyana a kansa ne. A Luka 13 kuma ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Hawan Yesu sama ma yana warware zancen. Luka 24:26 ta nuna sai da Almasihu ya sha wahala kafin ya shiga ɗaukakarsa. Ya hau sama bayan kwana 40 da tashinsa daga matattu. Ibraniyawa 4 ta ce wanda ya ratsa sammai ɗin nan ya san kasawarmu, an gwada shi kamar mu, bai yi zunubi ba. Marar zunubi ke nan, ya kuma sha wuya.

Gaskiya ne akwai wahalar da mutum ke jawo wa kansa, 1 Bitrus 4:15-16 ta bambanta ta da wahala saboda bangaskiya. In an kawo muku aya guda don a nuna wahala hukuncin zunubi ce, ku karanta surar gaba ɗaya, ku duba wa ake yi wa magana.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani, musamman masu jinya.