Ƙararrawar hayaƙi da birekar tsaro: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Aikin wayarin nake yi a Birnin Kebbi, daga Badariya har Gesse, kuma tambayoyin nan kullum su ne. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Yaya ake gwada ƙararrawar hayaƙi?

Danna maɓallin jikinta, ka riƙe har ta yi ƙara. Sau ɗaya a wata. Shi ke nan.

Takan yi ɗan tsuwa jefi-jefi cikin dare. Ta lalace ne?

Batir ne ya yi sanyi. Ka canza shi yau, kada ka cire ka jefa a durowa da sunan sai gobe. Ita kanta na'urar shekara 10 take yi, ranar da aka ƙera ta tana rubuce a bayanta.

Duk ranar da Hajiya ta sa turaren wuta sai ta cika gida da ƙara. In cire ta?

Haba Alhaji! Aikinta take yi. A mayar da ita silin na hanyar ɗakunan kwana, aƙalla mita 3 daga wurin girki. Da hunturu kuma a riƙa share mata ƙura da busasshen burushi. Na shiga wani gida na tarar an naɗe ta da baƙar leda an ɗaure da kyauro, yara huɗu suna kwana a ƙarƙashinta. Wallahi raina ya ɓaci.

Za ta gano hayaƙin janareta?

Kada ka dogara da ita. Gubar da ke kashe mutane cikin barci ba ta da wari, ba ta da launi, kuma na'urarta daban ce. Janareta a waje, nesa da taga.

Ina da bireka, me zan yi da birekar tsaro kuma?

Birekar da kake da ita waya take karewa idan lodi ya yi yawa. Birekar tsaro, wadda muke kira RCD, ranka take karewa: da wuta ta zurare miliamfiya 30, wato 'yar kaɗan, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Danna maɓallinta mai harafin T duk wata uku, lokacin da akwai wuta. In ba ta faɗi ba, a canza ta.

Tun da damina ta sauka take faɗuwa. Maƙwabcina ya ce a tsallake ta a haɗa kai tsaye?

Kul! Kada ka kuskura. Amma kwantar da hankalinka, sau da yawa abin ba babba ba ne.

Ba zan iya yanke hukunci ban ga gidan ba. Galibi dai danshi ne: soket ɗin tsakar gida da ruwa ya yi wa feshi, ko wayar injin rijiyar burtsatse da aka haɗa da salatif aka binne. Wani lokaci hita ce ko dutsen guga da ya tsufa. Wani lokaci ɓera ne ya ci waya a cikin silin. Yana yiwuwa kuma babu abu ɗaya mai laifi, firji ya zurarar da kaɗan, injin ruwa kaɗan, su taru su kai ta ƙasa.

Ga abin da za ka iya da kanka, da busasshen hannu da takalmi a ƙafa. Sauke dukkan ƙananan birekoki, ka ɗaga ta tsaron, sannan ka riƙa ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sa ta faɗi, layinta ne ke da matsala. Zare duk abin da ke jone a layin daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba, ka sake gwadawa. In ta tsaya, kayan ne. In ta sake faɗuwa, wayar bango ce, nan kuma aikinka ya ƙare.

Sai dai wannan dabarar ba kullum take kamawa ba. Idan wayar nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta) ce ke taɓa wayar ƙasa (wadda ake haɗawa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa), tana iya faɗuwa ko da ƙananan duk suna sauke. Haka in sai an juya kan janareta take yi, to a duba yadda aka haɗa cenja-oba. Maɓallin T ma bai nuna cewa wayar ƙasarka tana da kyau, birekar kaɗai yake gwadawa. Wannan sai mai gyara ya zo da mitarsa ya auna, har ƙarfen da aka kafa a ƙasa ya tono ya gani ko tsatsa ta cinye shi.